Tsohon Turancin nan ya sha min kai

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu shafi biyu daga bugun farko na wasannin Shakespeare, na 1623, wai mu karanto kafin Litinin. Wallahi kamar ba Turanci ba. "Loue", "haue", "vpon", ga wani harafi mai kama da f ya cika ko'ina. Ta ina zan fara?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata. A wancan zamanin u da v harafi ɗaya ne, v a farkon kalma, u a tsakiya. "Loue" shi ne love, "vpon" kuma upon. Haka i da j suke, shi ya sa Baibul na Sarki James na 1611 ya rubuta "Iohn". Mai kama da f ɗin nan doguwar s ce. Ki lura, sandar f tana ratsa harafin, ita kuwa ko ba sanda, ko ɗan ƙaho a hagu kawai. Wajen 1800 masu ɗab'i suka daina amfani da ita.

Yaya Bala: Ni shawarata ki karanta da ƙarfi, kunne kan kama abin da ido ya kuskure. Sannan ki buɗe bugun zamani na ɗakin karatu na Folger, kyauta ne a intanet, ki jera su gefe da gefe. Ƙamus ɗin Oxford babba shi ke kawo tsofaffin siffofin kowace kalma, sai dai sai an biya, in makarantarku ba ta da rajista.

Ɗan Auta: Har da "ye" ɗin da ake gani a "ye olde shoppe"? Ni "yi" nake karanta shi.

Malam Habu: Ai "the" ne, ɗana. Turawan Ingila suna da harafi þ mai sautin th. Da Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, haruffan ƙarfen daga ƙasashen ƙetare ake kawo su, ba su da þ, sai aka riƙa saka y da yake sun yi kama a rubutun hannu. Amma "ye" mai nufin "ku" daban ne, kada a haɗa su.

Hajiya Binta: Yaya Bala, ban yarda da karatu da ƙarfi ɗari bisa ɗari ba. Wasu haruffan ba a taɓa furta su ba. Da "dette" ake rubutawa, masana suka cusa b don ya yi kama da debitum na Latin, aka samu debt. Island ma ya fi ban haushi: "iland" ne asalinsa, aka ƙara s bisa kuskure, ana zaton danginsu ɗaya da isle. Shekara ashirin ina jan kunnen yara a aji kan haruffan da wasu suka liƙa don ƙawa! Sadiya, ki duba ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, shi ma yana intanet, za ki ga "musick" da "publick". Webster na Amurka, a nasa na 1828, ya yar da k ɗin.

Yaya Bala: Na karɓi gyara, Hajiya. Mu masu tarihi namu ciwon kan sunayen garuruwa ne. Clapperton, Baturen nan mai yawon bincike, ya rubuta Sakkwato "Sackatoo", a littafinsa na biyu kuma "Soccatoo", Katsina kuwa "Kashna". In ka nemi Sokoto a cikin littafin a kwamfuta, sai ka tashi hannu rabbana. A takardun zamanin Turawa kuma kurkuku "gaol" ne, furucinsa ɗaya da jail.

Sadiya: Allah ya saka da alheri. Na koma shafin yanzu, layi takwas sun fita sarai. Amma Malam, na ci karo da "vnkle", wannan kuma fa?

Malam Habu: Mai da v ɗin u, ki furta. Kawunki ne.