Za mu gina asibitin haihuwa a ƙauyenmu, bulo da kwano ko ginin ƙasa?

Dan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema gun masana gini da ma'aikatan lafiya. Mu ƴan ƙauye ɗaya ne mazauna nan cikin birnin Kano, yawancinmu muna kasuwanci a Kwari da Singa, muna da ƙungiya muna karo-karo, toh yanzu mun yanke mu gina ɗan ƙaramin asibitin mata da yara a garinmu saboda in naƙuda ta zo da gardama sai an nemo mota an taho da mace har birni, wata a hanya take haihuwa wata kuma sai dai a ce Allah ya jiƙanta. Dagaci ya ba mu fili. Wani yaro ya zana mana gini, ɗakuna hagu da dama hanya a tsakiya, bulo da kwano da silin, kowane ɗaki da AC. Ni dai raina bai kwanta ba, garin da ake daɗewa ba a ga wutar NEPA ba wa zai dinga zuba wa janareta mai? Baffana ya ce mu yi ginin ƙasa, ƴan ƙungiya suka kwashe da dariya wai asibiti za mu gina ba rumbu ba. Me kuke gani?

Mai_Zane:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri. Gaskiya Baffa ya fi yaron nan kusa da hanya. Babbar matsalar zanen ma ba bulon ba ne, wannan hanyar ta tsakiya ce, domin ɗakin da taga ɗaya ce gare shi kuma ƙofarsa na kallon wani ɗakin iska ba ta da inda za ta fita, ga kwano a sama yana ɗaukar rana tun hantsi, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 mai jego ba za ta iya kwanciya a ciki ba.

Ku nemi hotunan asibitin mata da yara na Tambacounda a gabashin Senegal, wanda Manuel Herz ya zana aka kammala a 2021. Yankin zafi ne sosai irin namu. Ginin dogo ne siriri mai lanƙwasa, ɗakuna a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen baranda ce da aka yi mata bango da bulo mai huji-huji, rana ba ta shiga amma iska na ratsawa, kuma an yi wuraren zama a barandar saboda dangin marasa lafiya. Magina na yankin ne suka buga bulon. Shi kuma Francis Kéré ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022, makarantar da ya fara yi a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa ya yi ta, kwano ya sa amma ya ɗaga shi sama ya bar tazara tsakaninsa da rufin ɗaki, sai zafin ya bi iska ya wuce. Kun ga kenan kwano ba haramun ba ne, yadda ake ɗora shi ne.

Ku sa dogayen bangon su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma. Ku ɗaga bango sama, a bar ƙananan tagogi can kusa da rufi don iska mai zafi sama take yi. Darbejiya kuma tun yau ku dasa, kar ku jira a gama gini.

Ungozoma_Kano:
Sannunku da ƙoƙari Alhaji. Ni ba ruwana da bulo ko tubali, abin da na sani shi ne mace ɗaya in ta zo haihuwa ba ita kaɗai take zuwa ba, ga uwarta ga uwar miji ga ƙanwa mai riƙe yaro ga kwanukan abinci da tabarmi da fulas, masu zane kuma gado kawai suke ƙirgawa su manta da masu jinya, ƙarshe ka gan su kwance a bakin ƙofa muna tsallake su da tsakar dare. Ku yi musu rumfa babba a tsakar gida, da murhu inda za a dafa ruwan zafi a dama kunun kanwa, da wurin wanki da igiyar shanya, da banɗaki isasshe. In ba ku yi ba su za su ƙirƙiro nasu a inda ba ku so.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ke hana da yawa zuwa. Matar ƙauye ba za ta ratsa ta gaban maza suna zaune a benci tana murƙususu ba, gara ta haihu a ɗakinta. Ku yi zaure a gaba maza su tsaya a nan kamar yadda muka saba a gida, mata su sami ƙofarsu daban.

Malam Mai_Zane ina da gyara kaɗan. Hujin nan a baranda ya tsaya. Mu nan muna da hunturu, ƙura da sanyin asuba, jariri sabon haihuwa ballantana bakwaini sanyi yana kashe shi, dole ɗakinsu ya zama ana iya rufe shi ruf. Kuma kowace taga a sa mata raga saboda sauro. Ɗakin haihuwa kam tayil ƙasa da bango, jini ake wankewa kullum. Kuɗin AC ɗin nan ku sayi sola da batir ku haƙa burtsatse, na sha karɓar haihuwa da fitilar waya wlh ba daɗi. Ku kuma gina wa ma'aikaciya ɗaki a ciki, naƙuda ba ta san an tashi daga aiki ba.

Magini_Dala:
Ni sana'ata kenan, gado na yi. Ƙasa akwai sanyi ba musu, duk wanda ya shiga Gidan Makama da rana tsaka ya sani. Amma ku faɗa wa Baffa ginin tubali da azara yana son yaɓe akai-akai kafin damina, ga gara, gidan mutum shi zai kula da abinsa, ginin jama'a kuwa kowa sai ya ce wani zai yi. Akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti, irinsa mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta yi amfani da shi a masallacin Dandaji a Nijar. Shi zan ba ku shawara. Tushe dai dutse da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa sosai, kwanon ya zarce bango yadda ruwa ba zai dinga dukansa ba. A fara gwada ƙasar garin naku tukuna, ba kowace ke yi ba.

Dan_Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya maganar zauren nan ta shige ni, mu maza zalla muka zauna muka amince da zanen, ko mace ɗaya ba mu tambaya ba. Ranar Juma'a zan je gida, zan sa Inna ta tara mana matan gari da tsofaffin ungozomomi mu ji ta bakinsu. Malam Magini injin matse bulon haya ake bayarwa ko sai mun saya?

Ungozoma_Kano:
Kafin inji Alhaji, ku fara zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ku ji ƙa'idojinsu da kuma ko za su turo ma'aikata, wa zai biya albashi wa zai kawo magani, a rubuce ba da baki ba.