Motata tana shaƙewa in zan tashi bayan na tsaya

Jama'a, don Allah masu sanin harkar inji ku taimaka min, wannan matsala ta kusa wata biyu tana ci min tuwo a ƙwarya.

Motar mai silinda huɗu ce, giyarta otomatik. In tana tafiya ba ta da wani laifi. Amma da na tsaya a danja, na ɗaga ƙafa daga birki na taka totur, sai ta yi kamar an shaƙe ta, jikinta ya ɗauki karkarwa har sitiyari, ta yi fizga biyu ko uku sannan ta saki. Abin ya fi tsanani in inji ya yi zafi, da safe kusan ba na jinsa.

Na canja filogi huɗun duka da filtar iska. Makanike ya wanke nozil, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ta yi kwana uku lafiya, sai ta koma gidan jiya. Da aka sa mata kwamfuta, lambar P0171 ta fito, wato iska ta rinjayi mai.

Yanzu ya ce in sayi famfon mai, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don bai auna ƙarfin man ba. Tiyon iska da ya tsage zai iya jawo haka? Ta yaya zan gano shi kafin in sake kashe kuɗi?