Mangwarona mai aure ya yi huda tun bai kai ƙuguna ba

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum. A watan Yuli na sayo dashen mangwaro mai aure guda huɗu a Dadin Kowa, na dasa a bayan gida. Yanzu da hunturu ya kama, biyu sun fito da huda, alhali ko ƙuguna ba su kai ba, kaurinsu kamar babban yatsa. Uwargida ta ce in na taɓa su ba za mu shirya ba, yara har sun fara rabon 'ya'ya. In bari ko in cire?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Malam, cirewa za ka yi. Reshen da aka aura masa daga babbar bishiya aka yanko shi, shi ya sa yake rawar kai, amma saiwar da ke ƙasa jaririya ce. Abincin da zai kafa saiwa ya yi rassa, shi 'ya'yan za su shanye, sai ka ga shekara ta zagayo yana nan a tsugune. Sai dai kada ka tsinke yau. In sanyi bai wuce ba, wata hudar zai sake fitarwa, ka yi aikin banza. Bari 'ya'yan su ɗaura, su kai kamar ƙwayar wake, sannan ka sa almakashi ka datse zangarniyar. Haka za ka yi shekara 2, a ta 3 ka bar masa kaɗan. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ma ka cire shi.

Uwar Biyu:
Ni na ƙi jin wannan maganar a gidanmu na Tudun Wada. Guda uku na bar wa nawa, har tsumma na ɗaura masa da sanda. Iskar hadarin farko ta ɓalle shi daidai wurin auren. Abin da ya toho daga baya mangwaron gargajiya ne mai zare.

Ɗan Kumo:
Subhanallahi. To gwandar da ke gefensa fa, Baba? Ita ma ta yi fure.

Mai Lambu:
Ƙyale gwanda, ba ta da dogon kwana, cikin shekara guda take haihuwa. Kai dai ka dage da ban ruwa har damina, ka zuba busasshen taki nesa kaɗan da gindin, ka riƙa duba gara.

Ɗan Kumo:
Na gode, Allah ya ƙara girma. Zan nuna wa uwargida labarin Hajiya, ni bakina ba zai iya ba.