Ɗalibai 14 da kundin digiri: ta ina zan fara da su?

Sabon Malami, Jos:
Assalamu alaikum malamaina. An ba ni ɗalibai 14 'yan ajin ƙarshe in duba musu kundin digiri, kuma zango ɗaya ne da 'yan makonni a hannunmu. Abin da suke kawowa kusan iri ɗaya ne: take mai faɗi kamar "Matsalolin Noma a Nijeriya", babi na biyu an kwaso daga intanet an jera, manazarta kuma rabin sunayen cikinta ba su fito a aikin ba. Don Allah wane tsari kuke bi da su?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka karɓi babi na ɗaya daga hannun kowa tukuna. A makon farko shafi ɗaya kawai za ka nema: me ɗalibi yake son sani, a wurin su wa, a ina, kuma a wane lokaci. Mai "Matsalolin Noma" ka zaunar da shi ku yi ta sassaƙe taken har ya koma kamar "Asarar tumatir bayan girbi a tsakanin dillalan kasuwar Farin Gada". Wannan zai iya hawa keke ya je ya ga mutanen da idonsa. Wancan kuwa ko shekara goma aka ba shi ba zai gama ba, shi ya sa yake komawa kwafe.

Sai ka sa ya zana jadawali mai gida huɗu: maƙasudi, tambayar bincike, hanyar samo bayani, hanyar tantance shi. Maƙasudi uku sun isa, huɗu iyaka. Kowane maƙasudi ya haifi tambaya ɗaya, kowace tambaya ta sami sashenta a takardar tambayoyi, ta kuma sami teburinta a babi na huɗu. Yawancin kundayen da ke tarwatsewa ranar kare aiki nan suke samun matsala, ɗalibi ya yi alkawarin abu huɗu a babi na ɗaya, ya amsa biyu, ya ƙaro wani da ba wanda ya tambaye shi.

Rubutun ma ba a jere ake yin sa ba. Bayan an amince da shafin nan, a yi babi na biyu (bitar ayyukan da suka gabata), sai na uku (hanyoyin gudanar da bincike), a fita fili, a rubuta na huɗu (sakamako) da na biyar (kammalawa), sannan a dawo a gyara na ɗaya. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin duka, shi ne ƙarshe. Ka riƙa haɗa su duka sau ɗaya a mako, awa guda, ka ɗauki shafi biyu na mutum ɗaya ku gyara tare. Kuskuren ɗaya na sauran 13 ne, ba sai ka maimaita magana sau 14 ba.

Ma'aikaciyar Laburare:
Malam, a kan babi na biyu zan ɗora. Ɗalibai suna ɗauka bitar ayyukan da suka gabata ita ce "wane ya ce, wane ya ce". Hana su rubuta ko jimla ɗaya sai sun cike jadawalin karatu: marubuci da shekara, inda aka yi binciken, mutum nawa aka tambaya, me aka gano, me aka bari. Maƙala 15 zuwa 20 sun wadatar a wannan mataki. Su nema a Google Scholar da AJOL, inda mujallun Afirka suke da yawa. In jadawalin ya cika, sai su rufe maƙalun su rubuta daga shi, kowane sakin layi a kan batu ɗaya, ba a kan marubuci ɗaya ba. Gidan ƙarshe na "me aka bari" shi ne giɓin da aikinsu zai cike.

Manazarta kuma, in sashenku tsarin rubuta manazarta na APA yake bi, ka tabbatar bugu na 7 ne, wanda ya fito a 2019. A cikinsa marubuta uku ko fiye sunan na farko ake sawa da "et al." tun ambaton farko, kuma an daina rubuta garin da aka buga littafi. Su sauke Zotero, manhajar adana manazarta, kyauta ce, su riƙa ajiye kowace maƙala ranar da suka karanta ta. Barin manazarta sai daren miƙa aiki shi ke kawo sunayen da ba su da gindi.

Mai Ƙididdiga, Abuja:
Allah ya gafarta Malam Tsohon Hannu, ban yarda a bar babi na uku sai an gama na biyu ba. A fara shi da wuri, domin fili ba ya jira. Mai binciken tumatir da ya je bayan lokacin tumatir ya wuce me zai tarar?

Abu uku za ka tsare. Na farko yawan waɗanda za a tambaya. Suna son dabarar Taro Yamane ta 1967 amma ba sa iya lissafinta. In jama'ar 1,000 ce, kuskuren da aka lamunta 0.05, sai a ninka 0.05 da kansa a sami 0.0025, a ninka shi da 1,000 a sami 2.5, a ƙara 1, a raba 1,000 da 3.5, ya ba da 286. Teburin Krejcie da Morgan na 1970 kuma 278 zai ba ka. Kowanne ya yi, amma ɗalibi ya faɗi inda ya samo 1,000 ɗin.

Na biyu, a gwada takardar tambayoyin a kan mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba sa cikin mutanen da aka zaɓa don ainihin binciken. In ma'aunin Cronbach, wanda ke auna daidaiton tambayoyi da juna, ya gaza 0.7, akwai tambayoyin da ba sa tafiya tare. Sau da yawa tambaya ce mai kai biyu, irin "farashi da sufuri suna jawo asara". In da Hausa za a yi wa dillalai, a fassara tun a ofis, kada kowa ya fassara yadda ya ga dama a bakin rumfa.

Na uku, ka karɓi takardun da aka cike ka duba da kanka. Biro ɗaya, hannu ɗaya, takarda fes ba ko lanƙwasa, ka san a gindin mangwaro aka cike su.

Sabon Malami, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura masu sa ChatGPT ya rubuta musu, ya zan gane?

Ma'aikaciyar Laburare:
Kada ka dogara da alƙaluman Turnitin kaɗai, wato manhajar nan mai auna kamanceceniyar kalmomi don gano kwafe. Zaɓi manazarta uku ka nema a gabansa, domin ChatGPT yakan ƙirƙiro maƙalar da ba a taɓa bugawa ba, da suna da shekara da lambar shafi. Sannan ka rufe kundin ka ce ya bayyana maka sakin layi ɗaya da Hausa.