Gonar Lyndon Johnson: tarihi ce ko kirarin kai?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. An kawo shawarar mu kai yara gonar kiwon tsohon shugaban Amurka Lyndon Johnson da ke Stonewall a jihar Texas, ni kuwa ban goyi baya ba. Johnson da uwargidansa ne da kansu suka miƙa gonar ga gwamnati a 1972, suka kuma gindaya sharaɗin a ci gaba da kiwon shanu a cikinta. Wurin da mutum ya tsara da hannunsa domin a riƙa tunawa da shi kirarin kai ne, ba tarihi ba.

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin ka tsaurara hukunci. A can aka haife shi a 1908, a can ya mutu a 1973, kabarinsa kuma yana maƙabartar danginsu a bakin kogin Pedernales. Akwai 'yar makarantar Junction mai ɗaki ɗaya, inda ya fara karatu yana ɗan shekara 4, kuma a gabanta ya sa hannu a dokar tallafa wa ilimin firamare da sakandare ranar 11 ga Afrilu, 1965, malamarsa ta farko tana zaune a gefensa. Yaron da ya tsaya a ƙofar ɗakin nan zai fahimci abin da littafi ba zai nuna masa ba.

Malam Habibu: Hajiya, ai misalinki ya ƙarfafa maganata, domin shi ya zaɓi wurin, shi ya gayyato malamar, kuma ya san masu ɗaukar hoto suna nan. Zuwa 1968 sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 500,000, kuma yaƙin ya ci masa farin jini har ya sanar ranar 31 ga Maris cewa ba zai sake takara ba. Wace saniya ce a gonar za ta ba yaranmu labarin ƙauyukan da aka yi wa ruwan bama-bamai?

Dakta Ilyasu: Ku gafarce ni in shiga tsakani. Na yarda da Malam cewa an tsara wurin, amma a ganina tsarin ne abin kallon. Johnson ya sayi gidan gonar daga hannun gwaggonsa a 1951, yana sanata, ya kuma yi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mulkinsa a can, shi ya sa ake kiransa Fadar White House ta Texas. Ya sa an yi masa filin saukar jirgi, ya jera akwatunan talabijin uku domin ya kalli labarai a tashoshi uku lokaci guda, yakan kuma tara mashawartansa a gindin babbar bishiyar da ke ƙofar gida. A nan ya karɓi shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Ludwig Erhard, a Disambar 1963. Har wata mota yake da ita mai tafiya a kan ruwa, wadda yakan ɗauki baƙo a ciki ya nufi ruwa yana ihun birki ya tsinke. Mutum ne da ya san cewa baƙon da ya ci abincinka yana jin nauyin ce maka a'a, kuma wannan iya sarrafa mutane na cikin abin da ya sa dokar 'yancin baƙar fata ta 1964 da ta ƙuri'a ta 1965 suka wuce a majalisa.

Hajiya Rakiya: To, a haɗa da ɗakin ajiyar takardunsa da ke Austin, inda takardun yaƙin suke. Sai dai a bincika kafin a tashi, domin a 2018 an rufe babban gidan gonar saboda gyara.

Malam Habibu: Idan za a je Austin, zan bi ku, amma ban sauya ra'ayi ba. Shi ma ɗakin ajiyar an buɗe shi ne a 1971, mai shi yana raye yana kallo.