Baitin da babu kari babu amsa-amo, shi ma waƙa ne?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina halartar bikin waƙoƙi na ƙasa da ƙasa da ake yi a nan Legas, wanda Efe Paul Azino ya assasa a 2015, kuma ina leƙa ƙananan tarukan da matasa ke shiryawa a Yaba da Ikeja. 'Yan Arewan da na ji a irin waɗannan wurare yawancinsu da Turanci suke yi, 'yan kaɗan ɗin da suka yi da Hausa kuwa ban ji kari (ma'aunin sautin baiti) ko amsa-amo (daidaituwar sautin ƙarshen layuka) a bakinsu ba, sai magana mai zafi da ake yanka ta layi-layi. Abin yana ratsa ni, ba zan ɓoye ba, amma zuciyata ta ƙi yarda in kira shi waƙa. Shin ni ne na tsaya a baya, ko kuwa akwai abin da muke yasarwa?

Malamin Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Ba ka tsaya a baya ba, kunnenka ne ya saba da ma'auni. Rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin su Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, a kan karuruwan aruli, wato ilimin auna waƙa na Larabci, aka gina ta, shi ya sa muke da ƙwar biyu da ƙwar biyar (baiti mai layi biyu da mai layi biyar) da tahamisi (ƙara layuka a baitin wani ya cika biyar), muke kuma rarrabe amsa-amon ciki da na waje. Ba don ado kawai magabata suka wahalar da kansu ba, sun yi ne domin waƙar ta zauna a ƙirjin wanda bai iya karatu ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙarsa ta Imfiraji ta karaɗe ƙasar Hausa a bakin mabarata da matan kulle, kuma ni da kaina na haddace baitoci da dama daga bakin mahaifiyata kafin in san baƙi. Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu sun yi siyasa mai zafi ƙwarai, ba su kuma taɓa ganin cewa kari ya ɗaure musu harshe ba. Ka gwada wannan: bayan mako guda, layi nawa ka iya tunawa daga abin da ka ji a dandalin nan?

'Yar Obalende:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da tarihin da ka kawo, amma ina ganin ba a yi wa matasan nan adalci ba idan aka auna su da mudun da ba wanda ya miƙa musu. Yarinyar da aka haifa a Mile 12, ta yi makaranta da Turanci, take ciniki da Yarabanci, a ina za ta koyi aruli? Su Mudi Sipikin suna da ƙungiyar Hikima a Kano, inda sha'irai ke zama suna gyara wa juna baiti, ga kuma rediyo da ke watsa abin da suka rera. Mu a nan ba mu kafa wa 'ya'yanmu irin wannan zaure ba. Sannan kowa yana kallon inda ake samun lada: kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, wadda ke zagayowa kan waƙa sau ɗaya a shekara huɗu, dala dubu 100 ce, kuma duk littattafan da suka taɓa cinye ta na Turanci ne. Maryam Bukar Hassan, wadda aka fi sani da Alhanislam, da irin wannan salon na dandali ta kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar zaman lafiya a 2025.

Ɗan Agege:
Na gode Malam, na gode Yaya. Na yi gwajin, layi biyu kacal na iya tunawa, kuma dukansu suna da amsa-amo. Idan Malam zai yarda ya riƙa koyar da kari ranar Lahadi bayan la'asar, ni zan nemi aji guda a Islamiyyar unguwarmu, in kuma kawo matasa huɗu da na san suna rubutu.