Gidan ƙudan zuma na gora ya cika da tsutsa: in ƙone ko in gyara?

Maman Haidar: Assalamu alaikum. Bara na rataya damin gora a barandar bene saboda ƙudan zuman nan masu zaman kaɗaici, waɗanda ba sa shiga amya, kowace mace da raminta. Sun toshe ramuka da yawa da laka. Yau na tsaga wasu, maimakon 'ya'yan zuma sai ƙananan tsutsotsi farare da wani abu kamar zare mai ruwan lemo. In ƙone duka ne, ko akwai ceto? Ba ni da fili ko taku ɗaya, kewayena duk siminti ne.

Ɗan Lambu: Wa'alaikumus salam. Ki yi musu gadon furanni a bayan gida, ki bar wani gefe da ƙasa tsirara.

Maman Haidar: Malam, na ce a bene nake.

Ɗaliba: Anti, da alama ƙaramin ƙudan nan ne mai jan ido, Cacoxenus indagator, an san shi sosai a Turai. Yana laɓewa a bakin rami, uwa na fita neman garin fure sai ya faɗa ya yi ƙwai. Tsutsotsinsa su cinye guzurin, ɗan zuman ya mutu da yunwa. Zaren kashinsu ne. Kada ki ƙone duka: ki tsaga ɗaya bayan ɗaya, ki ware ƙwanson 'ya'yan zuma masu lafiya a wuri mai sanyi marar danshi, ki sa sabuwar gora.

Baba Sale: Ware me? Ni na yi babban gidan zuma, katako cike da ramuka, har mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Shekarar farko albarka. Daga nan ƙuma ta shiga, za ka ga zuma ta fito bayanta cunkus da su, ta kasa tashi, tana jan ciki a kan katakon. Wasu 'ya'yan suka bushe suka yi tauri kamar alli. Ina cikin wannan jinya mai gida ya turo masu feshi, ko sallama ba a yi mini ba. Da safe tsintsiya na sa na share su. Tun ranar ban sake rataya ko sanda ba.

Ɗaliba: Baba, tara ramuka da yawa wuri guda shi ke tara cuta. Taurin nan fumfuna ce, Ascosphaera, kuma ramin katako ba ya buɗuwa balle a tsabtace shi.

Baba Sale: 'Yata, kafin a haife ki nake kallon ƙwarin nan. Feshi ya kashe su, ba littafi ba.

Kafinta: Rami mai zurfin santimita 10 ya isa, haka nake huda wa mutane.

Ɗaliba: A ƙalla 15. Uwa tana ajiye 'ya'ya mata can ciki, maza a bakin rami. Gajeren rami maza zai fi ba ki.

Kafinta: Ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki.

Sarkin Zolaya: Ai zuman ba su san shagonka ba ne. Hajiya, ki fara karɓar kuɗin haya, gidan baƙi kika buɗe.

Abu Nana: Zolayar nan da ƙamshin gaskiya. A binciken da MacIvor da Packer suka wallafa a 2015 kan irin waɗannan gidaje a Toronto, dangin zanzaro sun fi zuman asalin yankin kama ɗaki. Kuma kusan kashi 70 cikin 100 na nau'o'in ƙudan zuma a ƙasa suke haƙa rami, gora ba ta yi musu komai. Su siminti ke binnewa.

Baba Sale: Yauwa! Akwai wani gangare na jan ƙasa kusa da mu, ramuka kamar rariya. Rana ɗaya aka malala masa kankare don ajiye motoci.

Ɗan Lambu: Mu kuma maƙwabci ne ya jera amya a saman rufi, wai yana ceton ƙudan zuma. Zumansa sun mamaye 'yan furannin unguwa, ƙananan da ba sa iya tafiya nesa sun rasa na kaiwa rami.

Mai Amya: To, an zo kanmu ke nan. Wa ya sare bishiyoyin layin? Mu ne?

Maman Haidar: Jama'a, ƙwanson da na ware, a firji zan sa ko a barandar?

Mai Amya: Ɗan Lambu, kai nake jira. Wa ya sare su?